Littafin Awoyin Matuƙin Jirgi: Takarda Ko Na'ura?

Daga Wakilinmu na Arewa, Abuja

Duk ɗan'uwan da ya taɓa hawa jirgin sama daga Ikeja zuwa Kano ko Abuja, ko kuwa ya raka alhaji filin jirgi, ya ga matuƙa suna wucewa da farar riga da igiyoyi a kafaɗa, kowa yana jan 'yar jakarsa. Mai igiya huɗu shi ne kyaftin, mai uku ko biyu mataimakinsa ne. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, yawan shekaru ba ya ba mutum waɗannan igiyoyi, sanayya ma ba ta bayarwa. Awoyin da ya yi a sama su ne ke ba shi, kuma awoyin nan a rubuce suke cikin wani littafi wanda matuƙi yake buɗewa tun ranar da malami ya fara ɗaga shi sama, ba ya rufe shi sai ranar da ya ajiye aiki. Direbobin gwamnati da ke karanta wannan shafi sun san irinsa, watau logbuk, inda ake rubuta inda mota ta je da mil nawa ta ci. Bambancin kawai shi ne, na direba na mota ne, ana barinsa a ofis, na matuƙi kuwa nasa ne na kansa, duk kamfanin da ya koma da shi zai tafi.

Kwanan baya na kai ziyara ga wani dattijo a nan Abuja, wanda ya yi tuƙin jirgi shekara talatin da ɗoriya kafin ya huta. Da hira ta yi nisa sai ya sa aka jawo masa wata tsohuwar adaka daga ƙarƙashin gado, ya fito da littattafai biyar masu baƙar marfi. Na farkon har ya fara ja don tsufa, amma rubutun yana nan raɗau. Kowane layi tashi guda ne: kwanan wata, irin jirgi, lambarsa mai farawa da 5N kamar ta kowane jirgi mai rajistar Nijeriya, inda aka tashi, inda aka sauka, da rana ne ko da dare, shi ne ke riƙe da jirgin ko taimakawa yake yi, sa'an nan jimlar awa da minti. A ƙasan kowane shafi an haɗa lissafi an kai shi shafi na gaba, kamar dai littafin ɗan kasuwa mai tsare gaskiya. Nan da can ga sa hannun malami, ga hatimin kamfani. Ya nuna mini hatimai na kamfanoni uku da ya yi wa aiki. Duka ukun sun mutu, babu ko ofishinsu yau.

Muna cikin haka ɗan ƙanensa ya shigo, yaro matashi wanda bai daɗe da fara aikin ba. Shi nasa littafin a cikin waya yake. Ya latsa, nan take ta nuna masa awoyinsa na dare, da na watan jiya, da sau nawa ya sauke jirgi cikin kwana 90 da suka wuce. Dattijo ya duba, ya yaba, amma ya nemi a gaya masa inda wannan lissafi zai kasance bayan shekara arba'in. Wannan tambaya ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Awa ita ce jari

Kafin a shiga gardamar takarda da na'ura, ya kamata mai karatu ya san darajar abin da ake ajiyewa. Akwai hukumar duniya mai shirya ƙa'idodin zirga-zirgar jiragen sama, ICAO, wadda aka kafa bisa yarjejeniyar Chicago ta 1944, hedkwatarta tana Montreal ta ƙasar Kanada. Bisa ƙa'idarta, mai son lasin na tuƙa ƙaramin jirgi don kansa sai ya yi awa 40. Mai son lasin na neman abinci sai ya yi awa 200, ko 150 in a makarantar da aka amince da tsarinta ya yi karatun a jere. Babban lasin kuwa, wanda sai da shi mutum zai zama kyaftin na jirgin fasinja, awa 1,500 ne, a ciki dole a sami 100 na dare da 75 na tuƙi da na'urori kaɗai ba tare da ganin ƙasa ba. Har wa yau, ko mutum ya tara awa dubu goma, in kwana 90 suka wuce bai tashi ya sauka sau uku ba, ko da jirgi ko da na'urar gwaji, ba zai ɗauki fasinja ba sai ya sabunta.

To, daga Ikko zuwa Abuja wajen awa guda ce. Mai karatu ya lissafa sau nawa yaro zai yi wannan hanya kafin ya cika 1,500. Awoyin farko ma da kuɗi ake sayensu, kuɗi kuma ba kaɗan ba. Iyayen da suka kai ɗa Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa cikin 1964, ko jihohin da suka ɗauki nauyin ɗalibai zuwa ƙasashen waje, sun san zafin abin. Saboda haka in littafin nan ya salwanta, gonar da aka sayar da shanun da aka kaɗa kasuwa ne suka rasa shaida.

Hukumar da ke duba wannan littafi a ƙasarmu ita ce NCAA, mai kula da sufurin jiragen sama na farar hula. An kafa ta da doka cikin 1999, ta fara aiki a farkon 2000, hedkwatarta yanzu tana nan Abuja bayan ta daɗe a Ikeja. Ita ke ba da lasin, ita ke sabunta shi, kuma duk mai neman ƙarin daraja sai ya kawo shaidar awoyinsa an gani.

Mu fasinjoji ma muna da ruwa a ciki. Ran 22 ga watan Oktoba 2005 jirgin kamfanin Bellview ya tashi daga Ikko da dare zai zo Abuja, ya faɗi a ƙauyen Lisa cikin Jihar Ogun, mutum 117 suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Ba a sami akwatunan nan masu naɗar bayanin tafiya ba. Sai masu bincike suka koma ga takardu. Rahoton da ya fito cikin 2013 bai yanke hukunci kan musabbabin haɗarin ba, amma ya ambaci cewa horon da kyaftin ya samu kafin a ba shi ragamar irin wannan jirgi bai wadatar ba, kuma awoyin da ya tara a kwanakin da suka gabaci haɗarin sun nuna aiki ya yi masa yawa har yana iya kawo gajiya. Ba don akwai rubutaccen lissafi ba, da ko wannan ɗin ba a sani ba.

Abokan gāban takarda

Mu 'yan Arewa ba sai an yi mana wa'azi kan ƙarkon takarda ba. A Sakkwato da Kano da Katsina da Zariya akwai gidajen malamai inda za a buɗe gafaka a fito da littafin da aka rubuta da tawada tun zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, shekara ɗari biyu ke nan da 'yan kai, a karanta shi ba tare da wutar lantarki ko lambar sirri ba. Takarda ba ta neman caji. Kuma tana da wata fa'ida da masu bincike ke so: ba ta iya ɓoye gyara. In an kankare, ko an bi kan lamba da wata tawada, gurbin yana nan. Mutanen Sakkwato ba za su manta da ran 11 ga watan Yuli 1991 ba, sa'ad da jirgin alhazai wanda Nigeria Airways ta yi haya daga wani kamfanin Kanada ya kama wuta bayan tashinsa daga Jidda, mutum 261 suka riga mu gidan gaskiya. Tayoyi ne da ba su da isasshiyar iska suka fashe suka jawo wutar, kuma a wajen bincike aka gano an sauya alƙaluman iskar tayoyin a takardar duba lafiyar jirgin. Wannan takardar makanikai ce ba ta matuƙi ba, amma darasin ɗaya ne.

Sai dai takarda guda ɗaya ce tak, kuma abokan gābanta sun yi yawa a ƙasar nan: gara, ɓera, yoyon ɗaki, ambaliya, ɓarawon da zai ɗauke jaka don yana zaton kuɗi ne, sa'an nan uwa uba gobara. Tsofaffin mazauna Ikko suna tune da gobarar dogon benen NET a Marina cikin Janairu 1983, na Badun kuma da ta Cocoa House cikin Janairu 1985. A nan Abuja ma wuta ta tashi a ofishin Babban Akanta na Tarayya cikin Afrilu 2020. Kada a ce halin Nijeriya ne kaɗai. A Amurka, cikin Yuli 1973, gobara ta cinye fayil na tsofaffin sojoji tsakanin miliyan 16 da 18 a birnin St. Louis, babu kwafinsu a ko'ina, har yau ma'aikata suna harhaɗa abin da ya saura.

In littafin matuƙi ya ɓace, hanyar da aka saba ita ce ya yi rantsuwa a kotu, sa'an nan ya bi makarantar da ya yi, da kamfanonin da ya yi wa aiki, da fayil ɗinsa na hukuma, ya tattaro abin da zai iya. A nan ne gizo ke saƙar. Kamfani ba ya ajiye lissafin awoyin ma'aikaci har abada. A Turai ma, wata 24 doka ta wajabta masa ya riƙe lissafin tashi da hutun matuƙa. Balle kamfanin da ya mutu. A ƙidaya waɗanda aka yi yayinsu a sararin ƙasar nan suka shuɗe: Okada, ADC, Sosoliso, Bellview, Chanchangi, Air Nigeria. Babbar giwar kuma ita ce Nigeria Airways, wadda aka kafa cikin 1958, ta daina tashi cikin 2003, aka rushe ta cikin 2004. Sai cikin 2018 Gwamnatin Tarayya ta amince a fitar da kimanin Naira miliyan dubu 22 don biyan wani kashi na haƙƙin tsofaffin ma'aikatanta, aka ce kowa ya zo da takardunsa a tantance shi a Ikko ko Kano ko Inugu. Shekara goma sha biyar bayan an rufe ƙofa! Da yawa ba su ga ranar ba, sai magada ne suka zo da abin da suka tarar a adaka.

Na'ura da nata ciwon

Game da sauƙin aiki, ba wanda zai yi gardama da samari. Manhajoji irin su LogTen da ForeFlight ba sa kuskuren lissafi, alhali haɗa awa da minti da hannu, inda sittin ke zama ɗaya, ya sha kayar da manya. Kuskure guda a shafi na goma zai bi mutum har shafi na ɗari biyu. Bugu da ƙari, jiragen zamani da kansu suke aika wa kamfani lokacin da suka motsa, da lokacin da suka bar ƙasa, da lokacin saukarsu da tsayawarsu, don haka ƙarin gishiri a awoyi ya yi wuya ga mai aiki a babban kamfani. In waya ta faɗa ruwa, a sayi wata a shigar da lambar sirri, komai ya dawo. Wannan ba ƙaramin ci gaba ba ne, kuma ni a ganina duk matashin da ya ƙi shi don taurin kai kansa ya cuta.

Amma tambayar dattijo tana nan. Lissafin ba a cikin wayar yake zaune ba, yana kan manyan kwamfutoci na wani kamfani a wata ƙasa, galibi kuma sai ana biyan kuɗin shekara da kuɗin waje. Ranar da mutum ya yi ritaya ya daina biya fa? Ranar da ya rasu bai bar wa kowa lambar sirri ba fa? Kamfanonin ma hannu suke sauyawa kamar rumfar kasuwa. ForeFlight ɗin nan Boeing ta saye ta cikin 2019, sa'an nan cikin 2025 ta sayar da ita tare da Jeppesen da wasu ga wani kamfanin zuba jari mai suna Thoma Bravo a kan fiye da Dala miliyan dubu 10. Ban ce sabon mai shi zai zubar da kayan kowa ba. Abin da nake cewa shi ne, aikin matuƙi yana iya kai shekara arba'in, tun yana ɗan ashirin da wani abu har ya cika 65 inda ƙa'idar duniya ta tsayar da shi daga tuƙa jirgin fasinja tsakanin ƙasashe, manhajojin waya kuwa duka-duka ba su cika shekara ashirin a duniya ba.

Ingila ta ga misalin wannan da idonta. Cikin 1086 sarkinsu ya sa aka ƙidaya ƙasa da dukiya aka rubuta a fata, littafin da suke kira Domesday. Da ya cika shekara 900, cikin 1986, gidan rediyon BBC ya shirya sabon irinsa na zamani, aka sa 'yan makaranta da jama'a wajen miliyan guda suka ba da labarin garuruwansu, aka zuba a kan wasu manyan faya-fayai da ake karantawa da na'ura ta musamman. Kafin shekara 16 na'urorin sun kusa ƙarewa, sai da masana daga jami'o'in Leeds da Michigan suka sha fama cikin 2002 kafin su ceto abin da ke ciki. Na fatar kuwa yana nan a ma'ajiyar tarihi ta Kew, mai iya harshen yana karanta abinsa. Ba sai mun je Ingila ba ma. Gida nawa ne a Agege ko Sabon Badun ko Shagamu suke da kaset na bikin iyaye a cikin kwaba, babu rikodar da za a sa shi?

Abin da masu hankali ke yi

Matuƙan da suka san ciwon kansu ba sa zaɓen ɗaya su yar da ɗaya. Suna shigar da tashin yau da kullum a na'ura, amma duk bayan 'yan watanni sukan buga shi a takarda, su sa hannu, su kai wa shugaban matuƙa na kamfani ya buga hatimi tun kamfanin yana da rai. Wannan gaɓar ita ce muhimmiya, domin hatimin da za a samu yau cikin minti biyar, bayan kamfani ya rufe ko shekara aka yi ana yawo ba za a same shi ba. Sukan kuma fitar da lissafin daga manhajar cikin siga mai sauƙi wadda kowace kwamfuta za ta iya buɗewa, su ajiye a wuri biyu ko uku. Masu tsohon littafi su ma sukan ɗauki hoton kowane shafi, musamman masu sa hannun malamai, domin malamin da ya sa wa mutum hannu ranar da ya fara tashi shi kaɗai ba lalle a sake ganinsa ba. Kuma ba a tara kwafi duka a ɗaki guda. Mai zaune a Ikeja ya aika ɗaya gida Arewa.

Wannan na mutum ɗaya ke nan. Na hukuma ya fi shi girma. A Amurka, bayan haɗarin jirgin Colgan a kusa da Buffalo cikin Fabrairu 2009 inda mutum 50 suka mutu, aka gano kamfanin bai san duk jarrabawar da kyaftin ɗin ya taɓa faɗi a baya ba. Majalisarsu ta yi doka cikin 2010, daga bisani aka kafa rumbun bayanai guda ɗaya na ƙasa inda kowane kamfani zai zuba tarihin matuƙansa, kuma dole mai ɗaukan ma'aikaci ya duba kafin ya ɗauka. Ana riƙe bayanin har mutum ya mutu ko ya cika shekara 99. Ƙasa irin tamu, inda kamfanin jirgin sama kan mutu kafin yaron da aka haifa ranar buɗe shi ya gama sakandare, ta fi Amurka bukatar irin wannan tsari. Ra'ayina shi ne, duk kamfanin da zai rufe a tilasta masa miƙa lissafin ma'aikatansa ga hukuma a Abuja kafin a sayar da ko kujera ɗaya, a kuma ajiye kwafi a wani gari dabam.

Saura magana guda, ita ce ta tarihi. Ran 1 ga watan Nuwamba 1925 jirage uku na sojan saman Ingila suka sauka a Kano daga Masar, ƙarƙashin wani hafsa mai suna Arthur Coningham, su ne jiragen farko da suka taɓa ƙasar birnin. Cikin 2025 abin ya cika shekara ɗari. A tsakanin nan 'ya'yan ƙasar nan sun yi jigilar alhazai daga Kano zuwa Jidda shekara da shekaru, sun sauka a Kaduna da Jos da Maiduguri da Yola cikin hazon hunturu da na'urorin da yaran yau za su yi wa dariya, sun ga filin jirgin Abuja tun yana tsakiyar daji. Duk wannan yana rubuce, layi bayan layi, a littattafan da ke cikin adakokin gidajen tsofaffi da na marayu. Muna da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa, wadda Dokta Kenneth Dike ya assasa cikin 1954, da rassanta a Badun da Inugu da Kaduna. Muna da Gidan Arewa a Kaduna, ga kuma kwalejin Zariya kanta. Ɗaya daga cikinsu ya kamata ta yi shela, iyalai su kawo a ɗauki hoto a mayar musu da abinsu.

Kafin in yi sallama da dattijo, ɗan ƙanen nasa ya karɓi littafi na farko ya shimfiɗa a kan tabarma, ya shiga ɗaukan hoton shafukan ɗaya bayan ɗaya da wayarsa. Da aka kira sallar la'asar ya kai shafi na talatin, saura littattafai huɗu da rabi. Dattijo ya yarda a ci gaba ran Asabar, bisa sharaɗin yaron zai zo da nasa awoyin a buge a takarda, a sa su cikin adakar tare da sauran.